Fatar gadon baya ta saki bayan rage ƙiba: yanka ne kaɗai mafita?

Ummu Hanan

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitoci da ma'aikatan jinya da ke wannan zaure. Tambaya ce a madadin yayata. Shekarunta 41, tsawonta mita 1.63. An yi mata aikin rage tumbi wata 14 da suka wuce, ta sauko daga kilo 128 zuwa 84, kuma har yanzu sikeli yana ɗan yin ƙasa, kamar kilo ɗaya a wata. Alhamdu lillahi suga da hawan jini sun lafa. Abin da ya rage shi ne fatar bayanta ta sama. Ninki biyu ne a kowane gefe, sun taso daga ƙasan allon kafaɗa sun zagayo har hammata, suna zubowa ta saman rigar mama da ta ƙasanta. Lokacin zafi cikin ninkin yakan jiƙe, ya yi ja, ya yi wari, wani sa'in har ya tsage.

Wani wuri an ce mata zuƙe kitse ya isa, wani wuri an ce sai an yanke fatar. Wanne ne gaskiya? In yankan ne, yaya ake yinsa, a ina tabon yake zama, jinyar ta kwana nawa ce, kuma me yakan lalace? Maganar hukunci ta riga ta tambayi malamai, ɓangaren asibiti muke nema. Allah ya saka da alheri.

Likitan Gyaran Jiki

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya, kilo 44 ba wasa ba ne.

Akwai gwajin da za ku yi a gida kafin kowa ya karɓi kuɗinku. Ta tsaya a miƙe, hannuwa a sake, ki kama ninkin da yatsu ki ja. In abin da ya taho hannunki siriri ne mai laushi, yana biyo ki nesa da jiki, da kin saki kuma ya zube maimakon ya koma, to fata ce. In kuwa kauri ne mai tauri da ba ya januwa, kitse ya fi yawa. Zuƙe kitse na mai fata mai ƙarfi ne, wadda za ta tsuke da kanta bayan an kwashe abin da ke ƙarƙashinta. Wadda ta sauke kilo 40 da ɗoriya, zaruruwan da ke sa fata ta miƙe ta dawo sun riga sun tsintsinke. In aka zuƙe kitsen irin wannan bayan, ninkin ba ya tafiya, sai ma ya ƙara yaushi ya ƙara zubowa. Motsa jiki kuma tsokar da ke ƙasa yake ginawa, ba ya rage fata ko santimita ɗaya. Daga yadda kika siffanta, wanda ya ce yanka shi ya fi kusa da gaskiya.

Dalilin ninkin shi ne fatar baya ba a sake take ko'ina ba. A kan layin ƙashin baya, da cikin kwarin kowane ninki, akwai zaruruwa masu ƙarfi da suka ɗaure ta da tantanin da ya lulluɓe tsoka. Fatar da ke tsakanin ɗauri da ɗauri ita ke zubowa. Shi ya sa aikin da ake yi a ƙugu don ɗage ciki da ɗuwawu ba ya gyara na sama, jan ba ya ƙetare waɗannan ɗaure-ɗauren.

Aikin da aka fi yi shi ne yanka a kwance, daga bayan hammata ɗaya zuwa bayan ɗayar, a daidai inda maɗaurin rigar mama ke bi. Wasu likitoci biyu a Amurka, Joseph Hunstad da Remus Repta, suka wallafa tsarinsa a 2008. Rabin nasararsa a zane take. Ana zana mara lafiya tana tsaye, ba a kwance ba, domin da ta kwanta fatar ta baje, ninkin ya ɓace. Za ta zo da rigar maman da ta fi sawa, a zana gefenta na sama da na ƙasa a jiki, a sa layin ɗinki a tsakiya. Daga nan likita zai riƙa mintsinar fata da hannu biyu, wuri bayan wuri, yana auna iya abin da zai cire bakin ya haɗu ba tare da tsananin ja ba. Sai ya sa ta ɗaga hannu, ta ɗan sunkuya, ya ga ko abin da ya zana zai jure. A gefuna abin da ake cirewa yakan kai faɗin tafin hannu ko ya fi, a tsakiyar baya kuwa kaɗan ne, don can fatar a ɗaure take kuma ba ta da rara sosai.

A ɗakin tiyata ana sa ta barci gaba ɗaya, a kwantar da ita rub da ciki. Likita mai hankali ba ya yanke layi biyun a tare. Yakan fara tsaga ɗaya, ya ɗago fata da kitsenta har ya isa tantanin tsoka, ya ja, ya kama bakin da maƙalai na wucin gadi kamar yadda tela ke kama riga da fil kafin ya sa almakashi, sannan ya yanke rarar. Kowace 'yar jijiyar da ke tsiyaya ana ƙone bakinta. Ɗinkin hawa-hawa ne. Na can ƙasa shi ne mai ɗaukar nauyi: yana haɗa tantanin da ke cikin kitsen sama da na ƙasa, ya kafe su a jikin tantanin tsoka. Aiki biyu yake yi, yana rufe kogon da ruwa zai taru, yana kuma hana tabon zamewa sama ko ƙasa daga inda aka nufa. Sai ɗinkin cikin fata, sai na ƙarshe a ƙarƙashin fata da zaren da ke narkewa da kansa. Wasu suna sa robar tsotse ruwa ɗaya ko biyu, wasu ba sa sawa in sun rufe kogon da kyau. Awa biyu zuwa uku ake ɗauka in baya kaɗai ne.

Tunda kin ce ninkin ya zagayo hammata, ku tambayi inda yankan zai ƙare. In aka tsaya a gefen baya alhali rarar ta ci gaba, wani ɗan tudun fata zai tsaya a kowane ƙarshe. Maganinsa shi ne a juya ta rigingine a ci gaba da yankan zuwa ƙarƙashin mama. Tabon ya ƙara tsawo ke nan, lokacin aiki ma ya ƙaru.

Tabon kuwa ba ƙarami ba ne, kuma ba ya ɓacewa. Ya ratsa baya daga wannan gefe zuwa wancan. Musanya ce ake yi, a ba da ninki a karɓi layi. Duk wanda ya ce muku babu tabo, ku ɗauki jakarku ku fito.

Sai dai a yanzu yayarki ba ta kai lokaci ba. Ana so nauyi ya tsaya cak na aƙalla wata 6, kuma galibi wata 12 zuwa 18 bayan aikin tumbi. Ita har yanzu tana sauka, in aka yanke yau ta ƙara zubar da kilo biyar, sabon ninki zai fito a ƙasan tabon. BMI ɗinta, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo, ya kai wajen 31.6. Likitoci da yawa za su karɓa, amma matsalolin ciwo suna raguwa in aka sauko ƙasa da 30, wato wajen kilo 79 a tsawonta. Kafin nan a duba PCV, wato awon yawan jini, ya kai 36 ko sama, a duba sinadarin ƙarfe, B12, folet, bitamin D da albumin, wato furotin da ke cikin jini, wanda ake so ya kai 3.5. Masu ƙaramin tumbi suna yawan samun ƙarancin waɗannan ba tare da sun ji komai ba, kuma su ne kayan da jiki ke ɗinke ciwo da su. A maimaita HbA1c, gwajin matsakaicin sugan watannin baya, ko da an ce sugan ya tafi. A tabbatar da jinotayif saboda sikila. Furotin ta nemi giram 70 zuwa 100 a rana tun makonni kafin aiki: ƙwai ɗaya giram 6 ne, giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza wajen 30, kofin dafaffen wake wajen 15, kofin madara wajen 8. Da ƙaramin tumbi sai an raba shi ci biyar ko shida. Sigari, shisha, garin taba, duk abin da ke da nikotin a bar shi mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa, domin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bakin ɗinki, bakin ya yi baƙi ya mutu.

Sista Mai Jinya

Dakta ya gama da ɗakin tiyata, bari in ɗora da na gida, don yawancin ɗinkin da ke buɗewa a gida yake buɗewa.

Ciwo ba ya yin ƙarfi da wuri. A mako na uku ƙarfinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari na lafiyayyar fata ba, sai wajen wata uku yake kusantar kashi 80, kuma nan yake tsayawa. Matsalar ita ce a mako na biyu zuwa na uku zafi ya tafi, mace ta ji garau, ta manta, alhali a lokacin zare ya fara saki kuma nama bai gama karɓar nauyin ba. Duk motsin da ke lanƙwasa baya ko miƙa hannu gaba yana jan wannan layin kai tsaye. Don haka mako biyu zuwa uku na farko gwiwar hannu ba ta wuce kafaɗa, ba a rungume hannu a ƙirji, ba a sunkuya. In abu ya faɗi, a durƙusa da gwiwa baya a miƙe. Har mako shida ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, wato ko bokitin ruwa ya fita. Ba goyo, ba daka, ba jan guga, ba shara da gajeriyar tsintsiya, ba wanki a duƙe, ba tuƙin tuwo. Ruku'u da sujada ma suna miƙe fatar baya sosai, don haka ta yi salla a zaune da nuni har likita ya sake ta. Kitso da ɗaurin kallabi wata ta yi mata. Ta tanadi riguna masu maɓalli a gaba tun kafin ta tafi asibiti, cusa kai cikin doguwar riga ɗaga hannu ne.

Ɗaurin ƙirji fa Hajiya, a kula. Bakin zani daidai kan ɗinkin yake sauka, yana gurzarsa. Haka maɗaurin rigar mama mai ƙarfe. Rigar matsi mai laushi da asibiti za su ba ta ita za ta sa dare da rana mako 4 zuwa 6, a sayi biyu don wanki. Ta matse amma yatsu biyu su iya shiga, in ta naɗe ta yi igiya a kan ciwon ta fi rashinta illa.

Kwanciya: wasu likitoci suna son rigingine a kan filo biyu ko uku don nauyin jiki ya danne wurin, wasu sun fi son gefe. Ku bi na wanda ya yi aikin. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tashi: ta mirgina gefe, ta sauke ƙafafu, sannan ta miƙe, kada a kama hannunta a fizgo ta. Kuma ba jinyar kwanciya ba ce. Tun yammacin ranar aiki ake so ta taka, sannan kowace awa biyu ta zagaya tsakar gida. Mai aikin ofis takan koma bayan mako biyu.

In an sa robar tsotse ruwa, a juye kwalbar sau biyu a rana, a auna da sirinji ko kofin awo, a rubuta, a matse kwalbar kafin a rufe don ta ci gaba da tsotsa. Ruwan yakan fara ja, ya koma ruwan hoda, ya koma ruwan ɗorawa. Ana cirewa in ya gaza mililita 30 a awa 24, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gaggawar cirewa ita ke jawo taruwar ruwa a ƙarƙashin fata: kumburi mai laushi da in kin danna gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya motsa. Ba abin tashin hankali ba ne, a asibiti ake zuƙe shi da allura, wani lokaci sau biyu ko uku. Kada mai kemis ya soka.

Taruwar jini daban ce. Cikin kwana ɗaya ko biyu na farko take zuwa, gefe ɗaya ya kumbura da sauri, ya yi tauri, ya yi zafi sosai. Wannan komawa asibiti ce a daren. Haka zazzaɓin da ya kai digiri 38, ja mai yaɗuwa, mugunya ko wari. In sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, gudan jini ake tsoro, ba a jiran gari ya waye. Ɗan buɗewar santimita ɗaya ko biyu, musamman a tsakiyar baya ko kusa da hammata, ya zama ruwan dare. Yawanci ba a sake ɗinkewa, wanki da ruwan gishirin asibiti da sauya bandeji ke cike shi cikin makonni, sai dai tabon wurin ya fi faɗi.

Abin da na fi jin tsoro a gidajenmu shi ne gashi da ruwan zafi. Fatar da ke kewaye da ɗinkin ba ta jin taɓi na watanni saboda an yanke ƙananan jijiyoyin ji. Sai wata inna ta zo da tawul da tafasasshen ruwa don kumburi ya sauka, mai ciwo ba ta ji, washegari a ga ƙuna ta tashi. Ba gashi, ba ƙaho, ba man kaɗanya ko wani haɗi a kan ciwon da bai rufe ba. Kuma in da zaɓi, a sa aikin lokacin sanyi, Nuwamba zuwa Janairu. Rigar matsi a watan Afrilu azaba ce, gumi kuma yana jiƙa ɗinki. A kauce wa dab da azumi, jiki na buƙatar ruwa da furotin a kai a kai.

Kafin lokacin, jan cikin ninkin yana da magani. A wanke, a tsane sarai har da fanka, a sa tsumman auduga mai tsabta a tsakani, a shafa kulotirimazol, man maganin makero da irinsa, sau biyu a rana mako biyu zuwa huɗu. Ba a yanka ta kan fata mai ciwo.

Ummu Hanan

Dakta, Sista, Allah ya biya ku. Na karanta mata duka, ta yarda za ta jira. Amma abu biyu sun sa jikina ya yi sanyi. Na ɗaya, hujin kunnenta na biyu ya yi wani tsiro kamar ƙwallon gyaɗa a baya, shekaru ke nan, yana mata ƙaiƙayi. Tabon aikin haihuwarta kuma ya ɗan yi tudu da farko amma ya kwanta. Na biyu, tana shafa man haɗi na hasken fata, ba kullum ba in ji ta. Waɗannan suna da alaƙa da aikin?

Likitar Fata

Suna da alaƙa ƙwarai 'yar uwa, kuma gara da kika faɗa. A ganina wannan tsiron na kunne ya fi duk abin da aka tattauna a sama nauyi.

Tabo mai tudu iri biyu ne. Akwai wanda ke tasowa cikin makonnin farko, ya tsaya a iyakar ciwon, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana kwantawa da kansa. Na cikinta irin wannan ne. Akwai kuma kiloyid, wanda ke ƙetare iyakar ciwon ya ci lafiyayyar fata, yana ƙaiƙayi yana suka, ba ya kwantawa, kuma yakan ɓullo watanni bayan an ɗauka an warke. Tsiro kamar ƙwallon gyaɗa daga hujin allura shi ne wannan. Ya fi yawa a baƙar fata, yana bin dangi, kuma yana da wuraren da ya fi so: fatar kunne, tsakiyar ƙirji, kafaɗu da gadon baya na sama. Wato daidai inda ake shirin ratsawa da wuƙa. Fatar baya tana cikin mafi kauri a jiki, kuma kullum cikin ja take, numfashi ma yana motsa ta. Ja kuwa shi ke zuga jiki ya yi ta tara nama a tabo.

Wannan bai nuna lalle bayan zai yi ba. Akwai masu kiloyid a kunne kaɗai. To amma a duba shaida a wurin da kansa. Ki tsaya bayanta da haske mai kyau ki duba: tabon ƙaho in an taɓa yi mata, tabon ƙuraje, tabon ƙaranbau, tabon rigakafin BCG a kafaɗa, tsakiyar ƙirji. Ki shafa da yatsa, ido yakan yi kuskure a baƙar fata. In tsagar wanzami ta kwanta lif ba ta bar komai ba, alama ce mai daɗi. In kin ji 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a nan, ni shawarata a bar yankan kwance gaba ɗaya. Ninki ana rufe shi da riga, ana shanya shi, ana zaune lafiya. Kiloyid mai tsawon baya guda kuwa ba a cire shi a huta, don in aka yanke shi kaɗai ba tare da wani magani ba, fiye da rabi suna dawowa, sau da yawa ma sun fi na farko girma.

In an duba an yanke shawarar yi, to a shirya yaƙin tabo tun kafin aiki, ba sai ya taso ba. Filastar takarda a kan layin na makonni don rage ja. Da ciwo ya rufe sarai, wajen mako na biyu zuwa na uku, a fara manna faifan silikon awa 12 zuwa 24 a rana, aƙalla wata uku, ga irinta ma har shida. Likita ya ga tabon kowane wata. Da ya fara tauri ko ƙaiƙayi a fara allurar tirayamsinolon, wani nau'in sitiroid, a cikin tabon, ƙarfin miligiram 10 zuwa 40 a mililita, kowane mako 4 zuwa 6. Tana da zafi, kuma in ta zarce cikin kitse takan sa wurin ya lotsa ya yi fari, abin da ke fitowa fili a fatarmu. Wasu suna gauraya ta da wani maganin allura mai suna 5-FU. Ko babu kiloyid, ta sa rai layin zai yi duhu fiye da sauran jiki na watanni, kuma ba a yanke wa tabo hukunci sai ya yi wata 12 zuwa 18.

Man haɗi kuwa, "ba kullum ba" amsar kowa ce. Yawancin waɗannan haɗe-haɗen akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, irin su kulobetasol. Yana sirantar da fata har ta kasa riƙe zare, yana jinkirta warkewa, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ba mamaki ma shi ke rura jan da ke cikin ninkin. In an daɗe ana shafa shi a jiki duka, yana shiga jini ya sa jiki ya rage yin nasa sinadarin kotisol, wanda ake buƙata don jure tiyata. Don haka kada ta yanke shi dare ɗaya in ta shekara tana yi. Ta kai robar man gaban likita, a duba, a janye shi a hankali, a ba fata watanni ta farfaɗo. Jiran da Dakta ya ce ta yi ya zo daidai.

Mai Sa Barci

Ƙari kaɗan daga ɓangarenmu. Maganar kotisol da Dakta ta yi ba ƙarama ba ce, jini yakan faɗi ana cikin aiki a rasa dalili, ashe man haɗi ne ba a faɗa ba. A gaya mana komai, har na gargajiya da na ƙarin kuzari. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini, akan dakatar da su kamar mako ɗaya kafin aiki, amma in likitan zuciya ya ɗora ta a kan asfirin, shi zai ce a tsaya. Mai ƙaramin tumbi ma dama ba a son ta da waɗannan saboda gyambon ciki. Ƙwayoyin tafarnuwa, man kifi da bitamin E a bar su mako biyu. Ƙwayar tsarin iyali mai istirojin tana ƙara haɗarin gudan jini, akan tsayar da ita mako 4 kafin babban aiki a koma wata hanya. In tana allurar rage ƙiba irin Ozempic a faɗa, tana sa abinci ya daɗe a ciki, sai a tsara mata yadda za ta yi kafin ranar.

Kwanciya rub da ciki cikin barci tana da nata sharuɗɗa: bututun numfashi a maƙogwaro, matashin fuska da ba ya danne ido, ciki a sake, kafaɗa kada ta buɗe ta wuce digiri 90 don kada jijiyoyin hannu su miƙe. Wannan aikin likitan barci ne da na'urori, ba na ɗakin da aka gyara a bayan shago ba. Don gudan jini akwai safar matsi, injin matsa sharaɓa, da allurar enokzafarin mai hana jini daskarewa ga wadda lissafin haɗarinta ya hau.

Ku guji masu haɗa baya, ciki, hannuwa da cinyoyi a zama ɗaya don rangwame. Tsawon aiki yana ƙara zubar jini, sanyin jiki da gudan jini. A raba, a bar wata uku ko fiye a tsakani. In waje za ta je, kada ta hau jirgi kafin kwana 10 zuwa 14, kuma ta san wanda zai karɓe ta a gida kafin ta tashi, domin taruwar ruwa da buɗewar ɗinki bayan dawowa suke zuwa.

Likitan Gyaran Jiki

Na yarda da Likitar Fata a kan kunnen, sai dai ba zan rufe ƙofa tun yanzu ba, don akwai hanya ta uku. Maimakon a ratsa baya, ana iya yanka a tsaye ta gefen ƙirji, daga cikin hammata zuwa ƙasa, a jawo fatar baya zuwa gaba a yanke rarar a nan. Gadon baya ba a taɓa shi ba, tabon yana ɓuya in an sauke hannu. Ita ake yawan zaɓa wa maza ma, tunda ba su da abin da zai rufe layin kwance. Amma ba ta kai waccan ƙarfi ba. Ninkin da ke kusa da gefe takan share shi, na kusa da ƙashin baya sai dai ya ragu, saboda ɗaure-ɗauren nan da na faɗa. Layuka biyu ne kuma maimakon ɗaya, kuma saman kowanne yana cikin hammata, wurin gumi da motsi, inda ɗinki ya fi saurin buɗewa. Haɗarin kiloyid bai tafi ba, an dai kauce wa wurin da ya fi muni.

Hajiya, abin da zan ce ku yi yanzu: ku fara kai kunnen. A yi masa allura a ga yadda jikinta ke amsawa, wannan zai gaya wa likita abu mai yawa, kuma ba ya hana jiran nauyi ya tsaya. Sashen tiyatar gyaran jiki da ƙuna yana nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na ABU a Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala, kiloyid kuwa aikinsu ne na yau da kullum. Duk inda kuka je, na gwamnati ko na kuɗi, ku tabbatar likitan yana da rajistar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Nijeriya, yana da takardar ƙwarewa a tiyata, FWACS ko FMCS, a fannin gyaran jiki, ku tambaya ko ɗan NAPRAS ne, wato ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Nijeriya. Ku nemi ganin hotunan bayan da ya yi wa masu baƙar fata, na bayan shekara guda, ba na mako shida ba. Kuɗin kuma a rubuta abin da ya ƙunsa: likitan barci, kwanan asibiti, rigar matsi, zuƙe ruwa in ya taru, allurar tabo, da gyaran tudun ƙarshen ɗinki in ya tsaya, wanda ba a yi sai bayan wata 6 zuwa 12 da kumburi ya gama sauka.